Dambu Sai Mai Yawu: Rayuwa Da Ganɗar Roba Bayan Gashin Ciwon Daji

A Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori, idan kaka ta yi aka kai masara rumbu, hira takan dawo ƙofar gida bayan sallar isha'i. A nan na iske kawuna a hunturun da ya wuce, zaune a kan buzu, da 'yar robar ruwa a gefen ƙafarsa. Mutum ne da a da in ya kama zancen taki ko kuɗin auduga a kasuwar Funtua, sai dai a tuna masa dare ya yi. Yanzu magana biyu yake yi ya dakata. Ya kurɓi ruwa, ya juya shi a baki, ya haɗiye da ƙyar, ya sa babban yatsa ya danna wani abu a rufin bakinsa ya koma mazauninsa, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da yake dannawa ganɗar roba ce. Shekara biyu ke nan da aka yanke masa ɓarin muƙamuƙin sama saboda ciwon daji, aka bi da gashi na mako shida da 'yan kwanaki. Ciwon ya kwanta, alhamdu lillahi. Ramin da aikin ya bari, wanda ya haɗe baki da hanci, an toshe shi da roba mai ɗauke da haƙora huɗu. Abu guda ne bai dawo ba, shi ne yawu.

Da Inna, matarsa, ta aiko da abinci, sai na ga tuwon masara ne mai laushi kamar talge, an nutsar da shi cikin miyar kuɓewa. Na ce, "Kawu, ina dambun naka na dare?" Ya yi murmushi da ɓarin baki ya ce, "Ɗana, ai dambu sai mai yawu."

Rijiyoyi shida

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar yawu a magana. Kakaki da yawun sarki yake magana. Wanda ya ji ƙamshin balangu yawunsa ne ke tsinkewa. Mai yi wa kangararre nasiha akan ce masa kada ya ɓata yawun bakinsa. Malam in ya gama addu'a, da tofi yake rufewa. Sai dai ba kowa ya taɓa tsayawa ya tambayi inda ruwan yake fitowa ba, don bai taɓa yanke masa ba.

Lafiyayyen mutum yana samar da tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi na yawu a kowace rana. Manyan maɓuɓɓugansa shida ne, uku a kowane gefe. Biyu suna gaban kunnuwa, su ne suke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Biyu suna ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana warwatse a leɓɓa da kumatu da ganɗa. Na gaban kunne su ke kwararo tsinkakken yawu idan loma ta shiga baki. Na ƙarƙashin muƙamuƙi kuwa su ke riƙe da laimar baki lokacin da mutum ba ya cin komai, kusan kashi biyu cikin uku nasu ne.

Yawu ne ke dunƙule loma ta wuce maƙogwaro. Shi ke narkar da gishiri da daddawa har harshe ya ji ɗanɗanonsu. Shi ke wanke haƙora bayan an ci, ya kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, ya mayar wa haƙori da ɗan abin da tsamin ya zaizaye. Kuma shi ne man da harshe da leɓɓa ke sulɓi a kansa kafin harafi ya fito daidai.

Yadda gashi ke ƙafar da su

Sunan "gashi" yana tsorata mutane, alhali babu garwashi a ciki. Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, inji ke harba shi ya ratsa fata ya lalata ƙwayoyin ciwon. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira girei. Ciwon dajin baki da muƙamuƙi da bayan hanci yakan buƙaci girei 60 zuwa 70, ana ba da biyu kullum daga Litinin zuwa Juma'a, har mako shida ko bakwai.

Matsalar ita ce hasken sai ya bi ta kan wani abu kafin ya isa ga ciwon, kuma maɓuɓɓugan yawu a bakin hanyarsa suke. Ga shi ba su da juriya. Tun a makon farko yawu kan ragu da rabi ko fiye. Wanda ya saura sai ya yi kauri, ya yi danƙo kamar ƙaro, ya liƙe a harshe, ba ya tofuwa, ba ya haɗiyuwa. A 1999 Dakta Avraham Eisbruch da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa maɓuɓɓugar gaban kunne takan farfaɗo idan matsakaicin abin da ya same ta bai wuce girei 26 ba. In ya haura haka sosai, da wuya ta koma yadda take. Ciwon yana neman 70, rijiyar tana ƙafewa da an wuce 26. Duk wahalar tana cikin wannan tazara.

A wajenmu akwai abin da ke ƙara tsananta lamarin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Mafi yawan masu ciwon dajin kai ko na wuya ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya yi nisa. An yi ta shan saiwoyi, an yi turare, an yi ta jin cewa daji ba ya son allura ba ya son ƙarfe. Kafin a yarda a shiga mota, ƙarin ya cika kunci. Girman ƙari kuwa shi ne girman filin da za a gasa, in fili ya yi faɗi dole ya haɗa da rijiyoyin duka gefe biyu.

Ga mutumin Tsiga ko Bakori ko Malumfashi, wurin gashin da aka fi sani tun da daɗewa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ake iskewa kafin a shiga Zariya in an taso daga Funtua ta Giwa. An yi shekaru ana gashi a can da injin kobal-60. Wasu kan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wasu Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da irinta a Inugu da Benin. Ko'ina aka je dai, manomi zai bar gida kusan wata biyu, da mai jinya, da kuɗin kwana da na abinci. Sau da yawa buhunan masarar shekara da bijimin huɗa ne ke tafiya.

Murfin da ruwa ke riƙewa

Toshe ramin ganɗa ba sabon abu ba ne. Likitan fiɗa na Faransa Ambroise Paré ya bayyana irin wannan murfi tun ƙarni na 16. A 1893 an yi wa shugaban Amurka Grover Cleveland aiki a asirce cikin jirgin ruwa, aka cire masa ɓarin muƙamuƙin sama na hagu, aka yi masa murfin roba. Muryarsa ta dawo har jama'a ba su gane ba. Amma shi ba a yi masa gashi ba, don sai a 1895 aka gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda da irinsa ake gashin. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam na birnin Biyana, nasa ya zo daban. Ciwon ya kama shi a 1923, aka yi masa aiki sama da sau 30, aka yi masa gashi, ya yi shekara 16 yana fama da murfin da ke hana shi cin abinci da magana cikin daɗi, har ya rasu a Landan a 1939.

A arewa ma aikin muƙamuƙi yana da tarihi. Sashen fiɗar fuska da muƙamuƙi na Jami'ar Ahmadu Bello, tun yana Kaduna, ya yi suna a kansa. A 1980 Farfesa E. O. Adekeye na wannan sashe ya wallafa bayani kan mutum 109 masu wani ƙarin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma. Shi wannan ƙari yana girma ya ɓata fuska, amma galibi fiɗa ce maganinsa, ba gashi ba. Mai shi yakan fita da roba a baki da yawunsa cikakke. Mai ciwon daji kuwa yakan fita da roba iri ɗaya da busasshen baki. Kayan aiki ɗaya ne, rayuwar ce ta bambanta.

Wanda ya taɓa zama teburin mai shayi ya ga dalili. In gindin kofin gilashi ya jiƙe, ka ɗaga shi, sai ɗan farantin ya biyo shi. In ya bushe, ba abin da ke riƙe da faranti. Haka ganɗar roba da haƙoran roba suke. Ɗan siririn yawun da ke tsakaninsu da naman baki shi ke manne su, shi ke toshe gefuna, shi ne kuma katifar da ke hana roba cin nama. In babu shi, murfi ya riƙa sauka ke nan ana tsakiyar magana. Iska ta zurare ta gefe, murya ta koma ta hanci. Kunu ya bi ta ramin ya fito ta hanci a gaban baƙi. Ko kurkurar baki wajen alwala sai an koyi yadda za a sunkuyar da kai. Naman da aka gasa kuwa ya yi siriri, ba ya jure guga. Ɗan wurin da roba ta goga yau, gobe ya zama gyambon da zai yi makonni bai warke ba.

Shi ya sa ba a yin murfin gaba ɗaya. Akwai na ranar aiki, akwai na wucin gadi da ake ta gyarawa yayin da rami ke warkewa yana sake siffa, sannan na dindindin bayan watanni, in an yi gashi ma jiran ya fi tsawo. Kowane gyara kuɗin mota ne zuwa birni. Gashin kuma yakan ƙage jijiyoyin muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa sosai, har saka murfin da fitar da shi su zama aiki. Masu hancin roba ko kunne ko gefen ido na silikon, nasu da gam ake liƙawa a kan fatar da gashi ya busar. Gumin bazara na sassauta gam, rana da ƙura na kwashe launi, bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sake sabo.

Haƙoran da suka rage

Da yake yawu ba ya riƙe murfin, nauyin duka ya koma kan 'yan ƙugiyoyin waya da ke maƙale da haƙoran da suka rage. Su waɗannan haƙora kuwa su ne bushewar baki ta fi yi wa illa. Ruɓewar da kan ɗauki shekaru a lafiyayyen baki, a nan cikin watanni take bayyana. Takan fara daga wuyan haƙori, daidai dasashi, ta zagaye shi kamar zobe, ya yi baƙi, wata rana ya karye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: busasshen baki gida ne ga ƙwayar kandida, mai sa farin tabo kamar ragowar kindirmo ko jan gyambo mai raɗaɗi a ƙarƙashin roba.

Mai tunani zai ce to a cire ruɓaɓɓen haƙorin mana. A nan ne babban haɗarin yake. Ƙashin da aka gasa jini ya ragu a cikinsa har abada. In aka cire haƙori, gurbin na iya ƙin warkewa, ƙashin ya fito fili ya mutu, ya riƙa ruwa da wari, musamman a muƙamuƙin ƙasa. Wani sai an sake yanke masa ƙashi. Wanda aka taɓa yi wa gashi a fuska, ko bayan shekara 10 ne, ba shi ba mai cire haƙori na kasuwa. Ko a asibiti, kafin ya buɗe baki sai ya faɗa an yi masa gashi.

Saboda haka ne ƙa'idar aikin ta ce likitan haƙori ya duba baki kafin ranar farko ta gashi. A cire duk haƙorin da ba zai yi ƙarko ba, a bar gurbin ya warke kamar mako biyu, a cike masu kogo, a wanke sauran, a auni baki don murfi. An gaya mana wannan a lokacin jinyar kawu. Mu ne ba mu ji ba. Hankalinmu yana kan ƙarin da kuɗin gashi, muka ga batun haƙori kamar a ce wa wanda gidansa ke cin wuta ya share tsakar gida. Yau biyu daga cikin haƙoran da ke riƙe da murfinsa sun fara baƙi a wuya.

Hunturu, tuwo da azumi

Littattafan da ke bayanin kula da busasshen baki galibi a ƙasashe masu laima aka rubuta su. A ƙasar Funtua da Malumfashi, daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mai lafiya ma leɓɓansa tsagewa suke yi. Kawu yakan farka sau uku ko huɗu cikin dare, harshe ya manne da ganɗa, sai ya lalubi kofi. Inna ta koyi rataya jiƙaƙƙen zane a ɗaki da ajiye kwanon ruwa kusa da gado. Kafin ya kwanta yakan shafa ɗan man shanu a leɓɓa da cikin kumatu. In zai je gona ko kasuwa, rawani a kan baki, robar ruwa a aljihu.

A fannin abinci, tukunyar Bahaushe ta zo da sauƙi ba tare da ta sani ba. Kuɓewa da karkashi da kuka da lalo duk miyar yauƙi ce, tana yi wa loma aikin da yawu ya daina yi. Kunun gyaɗa da koko da fura mai ruwa da nono da faten wake da ƙwai suna wucewa ba gardama, suna kuma hana rama, wadda ita ce abokiyar tafiyar wannan ciwo. Dambu da gasasshiyar masara da ƙuli-ƙuli da kilishi sun zama labari. Barkono ƙuna yake yi a irin wannan baki.

Akwai kuma tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Mai busasshen baki yakan ji sauƙi in ya tsotsi alawa ko rake, ko ya kurɓi lemon kwalba ko shayi mai sukari da yawa. 'Yan dubiya ma su suke kawowa don tausayi. Sukari a bakin da ba mai wanke shi taki ne ga ruɓewa. Tsamiya da lemon tsami na iya tsinka ɗan yawun da ya rage, amma tsaminsu na cin haƙori. Sigari da taba gari suna ƙara bushewa, suna kuma iya dawo da ciwon. Goro ma ƙara ɗaure baki yake yi. Haka wasu magungunan da ake saye a kyamis ba tare da tambaya ba, irin na mura masu sa barci da taramol, da wasu na hawan jini masu sa fitsari.

Abin da ke taimako ba mai tsada ba ne, naci yake so. Kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan duk yini. Kurkure baki sau da yawa da kofin ruwan ɗumi da aka sa wa rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda da ɗan gishiri. Goge haƙora da buroshi mai laushi da man da ke da fuloraid bayan kowane abinci, a tofar ba tare da an ɗauraye ba. Cingam marar sukari ga wanda murfinsa zai bar shi ya tauna. Cire murfi da dare a wanke shi a ajiye cikin ruwa mai tsabta. Motsa muƙamuƙi kullum don kada ya ƙage.

Azumi shi ne jarrabawar da ta fi taɓa zuciyar dattijo. Mutumin da ba ya iya minti 20 ba ruwa, yaya zai yi daga alfijir zuwa magariba, ga zafi? Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ramuwa ko ciyarwa gwargwadon yadda malamai suka duba halinsa. Amma wanda bai taɓa shan azumi ba tun yana saurayi, kuma yana tafiya da ƙafafunsa, ba ya ɗaukar kansa marar lafiya. Sai da limamin unguwa ya zauna da kawu sannan ya yarda. Wannan magana ce da ya kamata likita da malam su haɗa baki a kanta tun kafin a ga wata.

Abin da asibiti ke iyawa

Akwai ƙwayar magani, filokarfin, da aka samo asalinta daga ganyen jaborandi na ƙasar Burazil. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan matsala a 1994. Akan sha miligiram 5 sau uku a rana, sai an yi makonni ake ganin amfaninta. Tatsar abin da ya rage take yi, don haka rijiyar da ta ƙafe ƙaf ba abin da za ta ba da. Tana sa gumi, kuma ba a ba mai asma mai tsanani ko mai wani nau'in ciwon ido na gilakoma, saboda haka sai da likita. Akwai kuma yawun kanti, na feshi da na shafawa, wanda ke jiƙa baki na ɗan lokaci. Wasu masu haɗa haƙoran roba har 'yar ma'ajiya suke yi a cikin murfin, a zuba irin wannan ruwa ya riƙa tsattsafowa.

Duk waɗannan ciko ne. Babban magani shi ne kada a bari rijiyar ta ƙafe tun farko. Injunan zamani suna iya wani salon gashi da likitoci ke kira IMRT a taƙaice, inda kwamfuta ke raba hasken ta kusurwoyi da yawa, ta tara shi a kan ciwo, ta rage shi a kan maɓuɓɓugar yawu. An gwada shi a Birtaniya kan mutum 94 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Christopher Nutting, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet Oncology a 2011. Bayan shekara guda, kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashin da aka saba suna fama da bushewar baki mai damuwa, masu sabon salo kuwa kashi 38. Bayan shekara biyu tazarar ta zama 83 da 29. A Edmonton ta Kanada kuma, a farkon shekarun 2000, likitoci Hadi Seikaly da Naresh Jha sun fito da dabarar ɗauke maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi guda a mayar da ita ƙarƙashin haɓa kafin gashi, don haske ya wuce ta, ga waɗanda ciwonsu ya ba da damar haka.

Abin lura shi ne duka dabarun nan biyu, da duba haƙori, kafin gashi ake shirya su. Ranar da aka kwantar da mutum aka zana inda haske zai bi, ranar ake yanke hukuncin yawunsa na sauran rayuwa. Sabuwar cibiya a Katsina ta rage wa mutanen jihar nisa. Amma inji kaɗai ba ya mayar da mutum gaban akushi. Sai an samu likitan haƙori da mai haɗa murfi a cikin tawagar tun ranar farko, sai kuma ma'aikacin asibitin Funtua ko Malumfashi ko ƙaramin asibitin ƙauye ya san cewa bakin da aka gasa ba irin sauran bakuna ba ne.

Da asuba na ji motsin kawu. Ya fito da kofi biyu, ɗaya na murfin da ya kwana cikin ruwa, ɗaya na sha. Ya kurkure baki sau uku, ya jiƙa robar, ya buɗe baki iya yadda zai buɗu, ya karkata ta ya tura, ya danna har ƙugiyoyi suka kama. Na gaishe shi tun yana wannan aiki, bai amsa ba sai da ya gama, don kafin murfi ya zauna ko "lafiya lau" ba ta fita.

Da hantsi wani mutum daga ƙauyen kusa ya zo da ƙanensa, kuncin yaron a kumbure, da takardar asibiti a hannu. Sun ji labarin kawu ya je ya dawo, suna son jin nawa za a kashe. Ya gaya musu abin da ya sani na kuɗi. Sannan ya kurɓi ruwa, ya danna ganɗarsa, ya ce, "Malam, kafin a sa shi a inji, ku nemi likitan haƙori. Kuma ku tambayi mai gashin, me za a bar masa na yawu?"